Neman Jela

Shafi na 9

Masu turo min saƙo tun da sassafe cewa na bar ku a tsaye, na ji, na kuma amsa laifina. Aiki ne ya sha kaina a kantin magani. Wanda yau ne ya fara shigowa, ga inda muke.

Mamana tana da ƙane. Tana shekara bakwai, shi yana huɗu, iyayensu suka rasu cikin wata guda. Ƙanwar mahaifiyarsu ta ɗauke ta, shi kuma wani abokin mahaifinsu, direban babbar mota, ya tafi da shi. Yau shekara hamsin da biyar ba su sake sa juna a ido ba.

Abin da Mama ta riƙe kawai shi ne sunan da take kiran sa da shi, Jela, don duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita. Ko banɗaki ta shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka. Sunansa na gaskiya ba ta sani ba. 'Yar shekara bakwai, ina ruwanta da sunan takarda?

Wata huɗu ke nan ina yawo da wannan suna a baki. Na je tsohuwar makarantar unguwarsu, mai ajiyar rajista ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi dai bai taɓa ganin an rubuta jela a littafin makaranta ba, sai dai in gwada wajen masu dabbobi. Na je wurin tsofaffin direbobi, suka ce wanda nake nufi ko Dogo ne, ko Ba Hutu, ko Mai Hula, kuma duk ukun ƙasa ta rufe musu ido.

Jiya na shimfiɗa babban kwali a tsakiyar falon Mama ina zana zuriyarmu, kowa sunansa na gaskiya a sama, laƙabinsa a ƙasa. Inna tana gefe tana shan shayi. Inna 'yar matar da ta riƙi Mama ce, ɗaki ɗaya suka tashi, Mama ta ba ta shekara biyar.

Na rubuta sunan Mama na gaskiya, a ƙarƙashinsa na sa Baƙuwa. Shi ne sunan da yaran unguwa suka laƙaba mata ranar da aka kawo ta, ya bi ta har tsufa.

Inna ta leƙo kwalin. Ta ajiye kofi. Ta ce ta baro abu a kan wuta, ta fice ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Shi ya sa yau da hantsi na ɗauki jakar na nufi gidanta.

Na same ta a ɗakin aikinta. Rigunan sanyi na jarirai take saƙawa, ɗakin cike da ƙulle-ƙullen zare, ja da fari da ruwan ƙwai, wasu a kwando wasu a ƙasa. Tana zaune gaban injin, amma hannunta yana kan cinyarta. Rigar da ke jikin injin tana nan rabi, hannu ɗaya babu.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ajiye nan, Likita. Na gode."

Haka take kira na tun ranar da na fara aiki a kantin magani, alhali ko allura ban iya yi ba.

Na ajiye jakar, na ture wani buhun zare na zauna a kai. Na tambaye ta wutar jiya me ta ƙona. Ko murmushi ba ta yi ba, ita da in ta fara dariya sai maƙwabta sun leƙo.

Can ta tambaye ni yaushe na san sunan Mama na gaskiyan nan da na rubuta. Na ce tun da na fara raka Mama asibiti, ai shi ne a jikin katinta.

Ta gyaɗa kai.

"Ni sai da na shekara talatin da takwas na san nata ne."

Na ɗauka wasa take. Ta ce in lissafa da kaina. Tana da shekara biyu aka kawo Mama. Ta buɗe baki ta ji ana Baƙuwa, ta ce Baƙuwa. Lokacin da aka sa ta makaranta Mama ta riga ta fita ta koma koyon ɗinki. Ko a katin auren Mama, Baƙuwa aka buga, don mai buga katin abin da aka gaya masa ke nan. Bayan an haife ni kuma sai ta koma Maman wance. Sunan yana nan kwance a takarda, ba mai taɓa shi.

Na ce to wannan ai ba abin tashi a bar jaka ba ne.

Ta jawo wani zare ta fara naɗe shi a yatsa. Ta naɗe, ta warware, ta sake naɗewa.

"Ya zo, Likita."

Na ce wa?

"Ƙaninta. Ya zo har ƙofar gidan nan. Ni na buɗe masa."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Buhun ya kife, zare ya gangara ƙarƙashin injin. Ta ce in zauna, in ba haka ba ba za ta iya ƙarasawa ba. Na zauna a ƙasa.

Ta ce shekara talatin ke nan. Mahaifiyarta ba ta daɗe da rasuwa ba, Mama tana gidan mijinta a can wata unguwa. Ranar ita Inna tana tsakar gida tana wanki, ɗanta na fari yana kwance da zazzaɓi, ga ruwa ya ƙare a famfo. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta fito hannu duk kumfa.

Wani saurayi ne siriri, da farar riga mai guga, ya riƙe wata tsohuwar takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa. Ya gaishe ta cikin ladabi. Ya ce mariƙinsa ne ya rasu, a cikin akwatinsa ya tsinci takardar, akwai sunan yayarsa da sunan titin nan, amma babu lambar gida. Tun safe yake bi ƙofa ƙofa. Ya karanto sunan, ya haɗa da na mahaifinsu.

"Na ce masa babu mai wannan suna a gidan nan."

Na ce Inna, ya ce miki yayarsa yake nema, ba ki kawo Mama a ranki ba?

Ta ce ko kaɗan. Mahaifin Mama dai Marigayi ake ce masa a gidan, ba ta taɓa jin wani suna ba. Yaron kuwa, tun suna ƙanana mahaifiyarta ta ce musu ya rasu, don Mama ta daina kukan dare da rana. Mama ba ta taɓa yarda ba, ita ta gan shi da idonta ana ɗaga shi ana sa wa a gaban mota yana miƙo mata hannu. Amma ita Inna ta yarda. A kanta ƙanin Baƙuwa yana kabari, to ta yaya zai tsaya a ƙofarta da farar riga?

Ta ce bai yi musu ba. Ya ninke takardarsa, ya ce in ta ji labari, shi yana gyaran gilashin ido a ƙarƙashin matattakalar gidan waya. Har ya juya ya dawo ya ce Allah ya ba yaron lafiya, don ya jiyo kukansa daga ciki.

"Ko ruwa ban ba shi ba. Na rufe ƙofa na koma wankina."

Ina jin yaran maƙwabta suna buga ƙwallo a bango.

Na tambaye ta yaushe ta gane.

Ta ce bayan shekara goma sha ɗaya, lokacin da aka yi wa Mama aiki a ciki. Ita ta yi jinya. Suna zaune a benci, ma'aikaciyar jinya ta fito da kati ta kira wani suna, ta haɗa da na uba. Inna tana waige-waige tana neman mai sunan, sai ta ga Mama ta yunƙura ta ce, "Na'am."

Ta ce a take ta ga farar rigar nan, ta ga takardar, har ƙamshin sabulun wankin ta ji a hancinta. Da ba a zaune take ba, da ita za a kwantar a gadon.

Ni dai fushi ya taso min. Na ce shekara goma sha tara ke nan, Inna. Shekara goma sha tara kina zuwa gidanmu, kina ci kina sha da ita, kina jin ta tana cewa ba ta son ta rufe ido ba ta san ko yana raye ba. Wata huɗu kina kallo na ina fita neman jela kamar mahaukaciya, ana yi min dariya a ofisoshi.

Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Ba ta tsawata min ba. Ta bari na gama.

Ta ce washegari da sassafe ta bar Mama tana barci ta tafi gidan waya. Ƙarƙashin matattakalar babu kowa sai tarin kwalaye. Ta koma sau uku. Ta zo za ta gaya wa Mama, ta gan ta kwance da ɗinki a ciki, ta ce bari ta warke. Da ta warke, ta ce bari ta nemo shi tukuna, ta kawo mata shi a hannu, laifin zai fi sauƙin faɗa. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara. Kullum maganar ƙara nauyi take.

"Ba ta da kowa sai ni, ni ma ba ni da kowa sai ita. Tsoro nake ji, Likita. Kada ta dube ni ta daina ce min ƙanwata."

Hawaye suna bin fuskarta ba ta share ba. Matar da ta goya ni, ta saƙa min rigar sanyina ta farko. Na nemi fushin da na taso da shi na rasa inda ya shiga. Na matsa na dafa gwiwarta.

Na ce to a zuwan nan uku ba wanda ya ce mata komai?

Ta ce sai wani mai sayar da ambulan a bakin ƙofa. Da ta kwatanta masa, ya ce, au, Ido Huɗu take nema? Ai ya tashi shekara uku da suka wuce, an ce ya tsallaka gada, amma shi bai san inda ya sauka ba. Ta tambaye shi sunansa na gaskiya, ya yi dariya ya ce shekara takwas suna maƙwabtaka, shi Ido Huɗu ya sani.

Na ɗago na dube ta.

"Inna, me kika ce ana kiran sa?"

Ta maimaita.

Kantin maganin da nake aiki a tsallaken gada yake, bayan babban asibiti. Layi biyu daga wurinmu akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa, an zana ƙaton gilashi a allonsa. Duk wanda ya shigo mana da takardar likitan ido, can muke tura shi. Kullum sai na faɗi sunan sau uku ko huɗu: ka miƙe, ka yi hagu, ka tambayi shagon Ido Huɗu.

Bara da hannun gilashin Mama ya karye, ni na kai shi can. Wata mata sa'ata ta karɓa ta gyara. Mai shagon ban taɓa ganin sa ba, sai dai in jiyo tari daga bayan labule.

Na gaya wa Inna. Na kuma ce kada mu yi saurin murna, don duk mai gilashi a garin nan ana iya ce masa Ido Huɗu, har malamin lissafinmu na sakandare haka muke kiran sa a ɓoye.

Ba ta ma saurare ni ba. Ta riga ta miƙe tana neman mayafi. Na ce ta zauna in je in dubo, in ya so in kira ta. Ta juyo ta dube ni.

"Ni na mayar da shi daga ƙofa. Ba zan aiki yarinya ta je ta gyara min ba."

Sai da muka kai bakin titi na lura takalminta ƙafa ɗaya baƙi ne, ɗaya ruwan ƙasa. Na nuna mata. Ta ce wanda za mu je wurinsa idanu yake dubawa, ba ƙafa ba. Nan ne ta fara yin dariya tun jiya, 'yar ƙarama, mai haɗe da majina.

Mun yi shawara a cikin bas ba za mu kira Mama ba tukuna. Tana da hawan jini, kuma sau biyu ina ɗaga mata rai a watannin nan, duk biyun suka tashi a banza. Na biyun har sabon labule ta ɗinka wa ɗakin baƙi.

Inna ta riƙe hannuna tun daga tasha har muka tsallaka gada. Tana ta motsa baki, ban sani ba addu'a take ko haddar abin da za ta faɗa.

Shagon ƙarami ne, in mutum huɗu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a waje. Gilasai jere a bango har sama, madubi zagayayye a kan kanta, ga allon nan mai haruffa da ke ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Matar nan da ta gyara gilashin Mama tana zaune ta sunkuya, tana ɗaure wani ɗan mitsitsin ƙusa da abin da bai fi tsinken sakace ba.

Ta ɗago ta gane ni. Ta ce ta kantin magani ce yau da kanta, ko hannun gilashin ya sake karyewa? Ta yi murmushi.

Bara na ga murmushin nan ban kawo komai a raina ba. Yau sai na ga wushirya, 'yar siririya, daidai inda ta Mama take. Inna ma ta gani, don na ji ta ƙara matse min yatsu.

Na ce wurin mahaifinta muka zo. Ta ce yana ciki yana yanka gilashi, ba ya son a katse shi in ya fara, amma in akwai saƙo a ba ta.

Na rasa ta inda zan fara. Na tambaye ta ko ta taɓa jin an kira shi Jela.

Ta tuntsire da dariya har ta ajiye abin hannunta. Ta ce babanta sunaye ne da shi kamar tsohuwar kasuwa. Abokan aiki Ido Huɗu, mamanta Maigida, jikoki Kaka Gilas, amma wannan kam yau ta fara ji.

Na ce a raina shi ke nan, na uku ke nan. Har na fara neman kalmar da zan ba ta haƙuri mu fita.

Inna ta zungure ni. Ta ce ƙasa ƙasa, ba da wannan ya zo nema ba, in faɗi na takarda.

Na juya na ce wa matar muna tambaya ne a madadin mahaifiyata. Na faɗi sunan Mama na gaskiya.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ɗora hannu a ƙirji.

"Ai sunana ke nan."

Na ce ban gane ba.

Ta ce sunanta ne na takarda, amma ba mai kiran ta da shi. Tun tana jaririya babanta Yaya yake ce mata, har yau, a gaban kowa, har masu sayen gilashi suna dariya wai tsoho yana kiran 'yarsa yaya. Ta taɓa tambayar sa dalili, ya ce sunan wata ya ba ta ajiya, in mai shi ta zo za ta gani.

Ta dube ni, ta dubi Inna. Muryarta ta koma ƙasa ta ce in faɗi sunan mahaifin mamar tawa.

Na faɗa, na haɗa su biyun, kamar yadda suke a jikin kati.

Ƙarar injin da ke fitowa daga ciki ta tsaya.

Aka ɗaga labule. Wani dattijo ne siriri, furfura ta cinye gefen kansa, gilashi ɗaya a ido ɗaya a goshi, yatsunsa fari fat da garin gilas. Bai kalli 'yarsa ba. Ni yake kallo, ya ɗan karkata kai gefe, yadda Mama take yi in tana son ta ji magana da kyau.

"Baiwar Allah, sake faɗa. A hankali."

Kafin in buɗe baki aka riga ni. Inna ce ta saki hannuna ta matsa gaba.

"Tana raye," in ji ta. "Tana nan cikin garin nan, lafiyarta ƙalau. Ba ranar da ba ta ambace ka."

Ya lalubi bakin kanta ya dafa. 'Yarsa ta turo masa kujera, bai zauna ba. Ya cire gilashin idonsa, ya rasa inda zai ajiye, ya riƙe shi a hannu.

A daidai nan wayata ta fara ƙara a cikin jaka. Na ciro don in kashe. Hoton Mama ne ya cika fuskar wayar, tana dariya, ranar da na kai ta ɗaukar hoto.

Ya mayar da gilashin idonsa. Ya sunkuyo ya daɗe yana kallo, wayar tana ta kuka a tafin hannuna.

"Ita ce?"

Na gyaɗa kai.

Ya goge yatsunsa a jikin riga, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni."